Rubuta Sunan Abin da Ka Shuka, Yadda Rana Ba Za Ta Ci Shi Ba

Ɗana, tun da na ji ka fara sha'awar lambu, ka kewaye ɗan filin bayan gida, ka ja fangali biyar ko shida, ka je kasuwa ka sayo iri, raina ya yi fari, domin mutumin da ya saba da ƙasa da ruwa da jiran tsiro ba kasafai yake lalacewa ba. Na san waɗanda suka riga ka a sana'ar za su yi maka bayanin taki da ban ruwa da maganin ƙwari, kuma sun fi ni sani. Ni abin da zan ja hankalinka a kansa ƙarami ne, har kana iya yin murmushi ka ce tsufa ya fara taɓa baba. Ina so ka riƙa rubuta sunan abin da ka shuka a gindinsa, kuma ka rubuta shi yadda rana da ruwa da gara ba za su ci shi ba. Ke ma 'yata, mai 'yan bokitai da buhunan ƙasa a tsakar gida, da ke nake, ki matso ki ji.

Na san amsar da ke bakinka, domin ni ma na taɓa ba da ita. Za ka ce ai da hannunka ka shuka, ta yaya za ka manta? Ranar shuka kowa haka yake ji. Ƙasa da danshinta, takardar iri tana hannu, kana ganin ko tsakar dare aka tashe ka za ka nuna inda tattasai yake da inda attarugu yake. Amma ɗan Adam ajizi ne, kuma tsakanin ranar shuka da ranar dashe akwai makonni, a cikinsu akwai suna da biki da jana'iza da zazzaɓi da tafiyar da ba a shirya ba. Tumatir kan yi sati huɗu ko biyar a wurin reno kafin a dasa shi, barkono da danginsa da albasa kuwa sukan kai sati shida zuwa takwas. Ranar da ka dawo ka tsuguna a kan tsiron, za ka tarar tattasai da attarugu da barkono duk sun fito da 'yan ganye masu kama da juna, kamar yaran gida ɗaya da wanzami ya yi wa aski rana ɗaya. Tsohon mai lambu yakan rarrabe su idan sun ɗan tasa, amma ko shi ba zai dubi tsiron tumatir ya rantse maka cewa wannan Roma ne wancan UC82B ne ba, sai sun yi 'ya'ya. Kama da wane ba ta wane, kuma a lambu wannan magana kuɗi ce: ka dasa attarugu fangali goma kana zaton tattasai ne, sai bayan wata uku kasuwa ta gaya maka gaskiya.

To amma ba a kan wanda bai yi rubutu ba nake son in daɗe, shi ya san laifinsa. Wanda nake tausayi shi ne wanda ya rubuta, ya kwanta da ransa a sake, ya wayi gari rubutun ya gudu. Ni ne wannan mutumin a wata shekara. Na sayo tumatir iri uku don in gwada wanda zai fi jure zafi a ƙasarmu, kuma a ganina ban yi sakaci ba. Na yanyanka tsohuwar farar jarka, na samo alƙalamin nan mai kaurin baki da ake kira maka, irin wanda aka rubuta a jikinsa cewa ba ya gogewa, na zana sunayen da manyan baƙaƙe, na kafa kowanne a fangalinsa, har ina yaba wa kaina. Hunturu ya shigo ya fita, baƙin rubutun ya koma ruwan ƙasa, daga nan ya zama kamar inuwa, ni kuwa ina wucewa ta gabansa kullum ban kula ba, domin abin da ke tafiya a hankali ido ba ya kama shi. Da zafi ya fara, iri biyu suka zubar da fure, ɗaya ya tsaya yana 'ya'ya kamar bai san ana rana ba. Maƙwabta suka zo suna tambayar sunansa. Na cire robar, na goge ƙurar da gefen riga, na karkata ta ga haske, na tofa mata yawu, fara fat kamar ba a taɓa ɗora mata alƙalami ba. Takardun irin kuwa tuni an share an ƙone da shara. Na ɗebi iri daga 'ya'yansa na adana, amma abin da ya fito baɗi bai bi uwarsa ba, ashe irin haɗi ne. Haka na sake sayen ukun na sake gwajin daga farko, shekara guda cur ta tafi a kan kalma ɗaya da rana ta lashe.

Daga baya na gane ba cutata mai alƙalamin ya yi ba, ni ne ban fahimci alkawarinsa ba. Da ya ce ba ya gogewa, yana nufin ruwa ba ya wanke shi, hannu ba ya share shi. Bai ce komai a kan rana ba. Tawadar yawancin waɗannan alƙaluma, har da ta biro, rini ce da aka narkar, kuma a cikin hasken rana akwai wani sashe da ido ba ya gani wanda aikinsa ke nan ya wargaza rini. Shi ne yake koɗar da atamfar da aka manta a kan igiya, shi ne yake mayar da fastocin 'yan siyasa shuɗaye a jikin bango bayan an gama zaɓe, ja da rawaya su fara tafiya su bar shuɗi shi kaɗai. Idan haka yake yi wa fasta da ke samun inuwar bango rabin yini, me kake tsammani ga ɗan rubutun da ke tsaye a fili daga hantsi har la'asar, a ƙasar da zafin bazara ke kai digiri 40, ga ƙurar hunturu tana gurzarsa kamar yashi, ga ruwan ban ruwa yana fantsama masa laka safe da yamma?

Abin mamaki, darasin yana nan a tsangaya tun muna yara, ba mu dai haɗa shi da lambu ba. Tawadar allo da gawayi ko baƙin tukunya ake yin ta, a haɗa da ƙaro don ta kama itace. Ka shanya allo a rana yini nawa ka ga dama, baƙin yana nan, domin gawayi abu ne da wuta ta riga ta gama da shi, rana ba ta da sauran abin da za ta ƙona a jikinsa. Amma ka zuba masa ruwa kofi ɗaya, ƙaron ya narke, rubutun ya bi ruwa, kuma da gangan aka yi ta haka don almajiri ya wanke ya sake rubutu. Ka ga ashe abokan gabar rubutu biyu ne daban-daban. Tawadar allo ta gagari rana amma ruwa ya fi ƙarfinta, tawadar maka ta gagari ruwa amma rana ta fi ƙarfinta, shi kuwa lambu duka biyun yake da su, kullum. Don haka duk abin da za ka yi rubutu da shi, ka tambaye shi tambaya biyu, ba ɗaya ba.

Wanda ya ci jarrabawar nan biyu, kuma ba wanda yake kallonsa da daraja, shi ne fensir, fensirin nan da ɗanka ke fiƙewa da reza. Zuciyarsa wani baƙin ma'adini ne ɗan'uwan gawayi, an cuɗa shi da yumɓu, rana ba ta koɗar da shi, ruwa ba ya narkar da shi. Ka nemi mai laushi, wanda aka rubuta wa 2B, ya fi HB baƙi. Matsalarsa ɗaya, ba ya kama abu mai santsi, saboda haka idan a kan roba za ka rubuta, ka fara gurza fuskarta da yashi ko samfefa har ƙyallin ya mutu, sannan ka danna hannu ka maimaita kowane baƙi sau biyu. Ba zai yi kyan gani daga nesa ba, sai ka sunkuya za ka karanta, kuma idan yara suka yi ta shafa shi da yatsa zai dushe. Amma ga kayan lambu da ba sa wuce wata biyar, alayyahu da latas da kabeji da karas da tumatir, fensir ya ishe ka, kuma na fi amincewa da shi fiye da alƙalamin da ya ninka shi kuɗi sau goma.

Idan kana son abin da za a hanga daga bakin shinge, ka koma ga fentin mai, wanda masu rubutun mota ke zana kirari da shi a bayan tirela. Ka lura da motocin nan, shekara da shekaru suna kan hanya tsakanin Kano da Legas cikin rana da damina, rubutun yana nan, domin launin fenti gari ne na ma'adini da aka dama da mai, mai ya bushe ya riƙe shi. Ɗan ƙaramin gwangwani na baƙi ko fari da siririn buroshi sun ishi lambu guda. Ka rubuta a kan dutse mai faɗi, ko tsingaron tulu, ko gutsuren tayil da magina suka zubar, ka wanke shi ya bushe tukuna, ka bar fentin ya kwana biyu a inuwa kafin ka fitar. Dutse yana da wata falala, akuya ba ta cinsa, iska ba ta ɗaukarsa, ba wanda zai sace shi. Wanda ya taɓa zuwa Birnin Kudu ya ga zanen shanun nan na jikin duwatsu ya san irin daɗewar da launin ƙasa ke yi a kan dutse, musamman inda ya samu rumfa daga rana da ruwa. Waɗanda suka zana an manta da sunansu, shanun suna nan.

Amma in ka tambaye ni wanne ya fi duka, zan ce rubutun da babu tawada a cikinsa sam. Ka dubi ƙwaryar da aka yi wa zane da wuƙa mai zafi, a yi ta wanke ta ana dama fura a ciki har ta tsufa ta fashe ta zama sakaina, zanen bai tafi ba, saboda a cikin jikinta yake, ba ɗora shi aka yi ba. Haka za ka yi wa shukarka, kuma kayan aikin suna cikin juji. Ka samo gwangwanin lemo, ka yanke kai da gindi da almakashi, ka buɗe cikin ya zama falle, ka yanka shi faɗin yatsa biyu tsawon ɗan yatsa da rabi. Ka ɗora a kan kwali ko tsohuwar jarida da aka ninka, ka ɗauki biron da tawadarsa ta ƙare, ka rubuta a farar fuskar kana dannawa da ƙarfi. Bakin biron zai lotsa ƙarfen, baƙaƙen su zauna a cikinsa, kuma ko laka ta rufe su, ka shafa da babban yatsa za su fito, har ma lakar da ta maƙale a cikin lotsawar ta ƙara musu fitowa. Rana ba ta da abin da za ta koɗar, ruwa ba shi da abin da zai wanke.

Sai dai ka bambance gwangwani da gwangwani. Na lemo alminiyam ne, ba ya tsatsa. Na madara da na tumatirin gwangwani ƙarfe ne, damina ɗaya za ta mayar da shi ja ya ruguje. In ka yi shakka, ka kusantar da maganaɗisu, wanda ya manne ka ajiye shi, wanda bai manne ba shi kake nema. Gefen da almakashi ya bi yana da kaifi kamar aska, ka lanƙwashe shi ciki saboda hannunka da na yara, kuma inda za ka huda da ƙusa ka ninka shi biyu, in ba haka ba iska za ta yi ta kaɗa shi har hujin ya yage. Idan ka samu gutsuren kwanon rufi na alminiyam wajen kafinta, ya fi kauri da ƙarko, sai dai shi da ƙusa da guduma ake buga masa baƙaƙe ɗigo-ɗigo. Kuma kada ka yi shi babba yana ƙyalli, domin alminiyam kuɗi ne a wurin masu jari bola, yaro mai buhu ba zai san cewa sunan mangwaronka ya ɗauka ba. Ƙarami, a ɓoye cikin ganye, ya fi zama lafiya.

Itace kuwa, ka ɗauke shi baƙon kaka ɗaya. Na ga masu fere katako su rubuta da kyau su kafa, bayan wata biyu ka taɓa shi ya marmashe a hannu, gara ta cinye cikinsa ta bar ɓawo. Ƙirya da azarar giginya suna jurewa, shi ya sa ake sassaƙa turmi da ɗaya ake rufin soro da ɗaya, amma wa zai ɓata su a kan alamar alayyahu? Wasu kan shafa wa turken baƙin mai na inji don korar gara. Kada ka yi wannan a inda kake shuka abin da iyalinka za su ci, dattin da ke cikin man nan ƙasa yake shiga, kuma ba ya fita da wuri. Ita ma roba tana da wa'adinta, rana tana gasa ta har ta riƙa karyewa kamar ƙwai, siririya ta fi saurin mutuwa, mai kauri irin ta jarkar mai takan kai shekara biyu. Takardar iri da ake soka wa tsinke a bakin fangali kuwa, wannan abincin akuya ne da raɓa, ka mayar da ita cikin ɗaki inda za ta yi maka amfani.

Inda ka kafa alamar ma yana ƙara mata kwana ko ya rage. A lokacin noman rani, daga Oktoba zuwa Maris, rana a ƙasar Hausa ta kudu take karkata, don haka ka juya fuskar rubutun ta kalli arewa, bayanta ya sha zafin. Ka nisantar da ita daga bakin da ruwa ke shiga fangali, inda ƙasa ke zaizayewa. Ka zaɓi kusurwa ɗaya ka riƙe ta a duk lambun, in ta gabas ce ta gabas ko'ina, domin alamar da ke tsaye a kan kunya tsakanin fangali biyu rigima ce, ba ka san na dama take nufi ko na hagu ba. Kuma wata 'yar dabara da ba ta cin komai: ka maimaita sunan a ƙasan alamar, sashen da zai shiga cikin ƙasa. Rana ba ta isa can, ranar da na sama ya ɓace sai ka tuge ka karanta na ƙasa.

Yanzu bari in zo kan itatuwa, domin nan ne maganar take da nauyi. Alayyahu in ka manta sunansa sati shida ka yi asara. Mangwaro mai aure sai ya yi shekara uku ko huɗu kafin ka ɗanɗani ɗansa, wanda aka shuka daga ƙwallo ya fi haka daɗewa, kuma zai rayu bayanka. Ka sayo dashe goma, wannan Binta Suga, wancan Paparanda, ga lemo da gwaiba, kowanne da 'yar leda ɗaure a reshe, kana ganin ka gama. Ledar nan ba za ta ga damina biyu ba. Ranar dashe ka musanya ta da alminiyam. Amma a nan akwai kuskuren da na ga ya kashe itace a hannun mai sonsa: a ɗaure waya tamau a jikin dashe, a tafi a manta. Itace yana ƙiba, waya ba ta buɗewa, sai ta nutse cikin ɓawo ta zagaye shi, alhali a ƙarƙashin ɓawon nan ne abincin da ganye ya dafa yake sauka zuwa saiwa. Ka shaƙe shi ke nan da hannunka. Reshen ya kumbura a saman wayar, ya raunana, iskar farkon damina ta karya shi daidai nan. Ka yi amfani da wayar wuta mai rigar roba, ka yi mata zobe mai faɗi wanda hannunka zai shige, ka rataya a reshen gefe maimakon uwar jiki, kuma kowace shekara, idan an gama cin mangwaro, ka zaga ka sassauta. Wanda ya fi son kwanciyar rai ya zuba ɗan siminti kamar faɗin faranti nesa kaɗan da gindin, ya rubuta da ƙusa tun yana ɗanye. Wannan sai dai jikoki su karanta.

Me za ka rubuta? Kada ka tsaya a kan “tumatir”, wannan ko makaho ya shafa ganyen ya sansana zai gaya maka. Sunan irin ake bukata, cikakke, da lambarsa. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya tana fitar da iri da sunaye irin su SAMNUT na gyaɗa da SAMPEA na wake da SAMMAZ na masara, kuma abin da ya raba wani da wani lamba ce kawai, SAMNUT 23 daban SAMNUT 24 daban. Ka riƙe sunan ka manta lambar, kamar ka san unguwa ne ba ka san gida ba. In albasa ce 'yar Galmi, ka rubuta haka. In ka ga F1 a jikin takardar, ka kwafe shi, shi ne zai tuna maka cewa irin haɗi ne, ba a ɗibar iri daga 'ya'yansa. In kuwa wata tsohuwa ce ta ba ka kuɓewa a ƙulle a bakin zane, ba ta da suna a takarda, ka sa mata sunan garin da ta fito, wannan ma suna ne. Da boko ko da ajami, duk wanda hannunka ya fi sabawa da shi kuma mutanen gidanka za su iya karantawa.

Sannan kwanan wata, kuma a nan ina so ka natsu. Mu mun saba mu ce na shuka bayan ƙaramar salla, ko cikin watan azumi. Wannan lissafi ne mai albarka ga ibada, amma shuka da rana take tafiya. Shekarar wata kwana 354 ce, tana gaza ta rana da kwana 11, cikin shekara uku azumi ya gusa da wata guda. Wanda ya rubuta cewa albasarsa ta yi kyau da ya shuka ta a Rajab, bayan shekara shida in ya sake bin Rajab ya riga lokaci da wata biyu. Ka rubuta kwanan wata na boko, rana da wata da shekara, in ka so ka ƙara na Musulunci a gefe.

Duk da haka, ɗana, kada ka ɗora amanarka gaba ɗaya a kan abin da ke kwana a waje. Yaro zai tuge, kaza za ta tone, mai taya ka ban ruwa zai ɗaga ya mayar a fangalin da ba nasa ba da kyakkyawar niyya. Ka sayi littafi mai bango mai ƙarfi, ka zana taswirar lambun a shafin farko, ga rijiya, ga ƙofa, ga gabas, ka ba kowane fangali da kowane itace lamba, ka rubuta abin da ke cikinsa, da fensir nan ma, don ko ruwa ya jiƙa littafin ba zai malale ba. Ka manna takardun irin a bayansa. Na san za ka ce ai kana ɗaukar hoto da waya, to madalla, ka ɗauka, amma wayoyi nawa ka canza cikin shekara biyar, kuma ina hotunan ta farkon? A cikin littafin nan ne za ka rubuta ranar da ka yi feshi da sunan maganin. Tun da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir a Kano da Kaduna a 2016, feshi ya yawaita a lambuna, kuma kowane magani yana da kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbarsa da za a jira kafin a tsinki amfanin. Wanda bai rubuta ranar feshi ba da ƙiyasi zai tsinka, kuma abin da ya tsinka cikin tukunyar wani zai shiga, wataƙila ta gidansa.

Irin da ka adana ma yana son suna, ciki da waje, ɗaya a jikin kwalba ɗaya a 'yar takarda tare da ƙwayar, da shekarar da aka ɗebe shi. Irin tumatir in ya bushe sosai yakan yi shekaru yana tsira, na albasa kuwa bayan shekara guda ƙarfinsa ya fara tafiya, kuma idan kwalba biyu suka tsaya a gabanka babu shekara, ba za ka san tsoho da sabo ba sai ka shuka ka zauna jiran abin da ba zai fito ba.

Wata rana, in Allah ya sa albarka, za ka fara sayar da dashe ko ka ba maƙwabci, kuma ranar ce wannan ƙaramar ɗabi'a za ta zama mutuncinka. Mutum zai tsaya a gabanka ya ce wane iri ne wannan, kai kuwa ba ka da tabbas, ga kuɗi a hannunsa, ga kunyar ka ce ban sani ba. Mutane da yawa masu kirki a nan suke zamewa, su faɗi sunan da mai saye yake son ji, ba don sun yi niyyar cuta ba, sai don sakacin wata uku da suka wuce ya matse su. Shi kuwa zai je ya ba itacen ruwa shekara huɗu, ya haifa masa abin da bai saya ba, kuma ba zai ce ka manta ba, cewa zai yi ka yaudare shi. Na san wani lambu da mai shi ya rasu ya bar mangwaro masu daɗi waɗanda babu irinsu a yankin, 'ya'yansa suna sha suna rabawa, amma ko ɗaya ba su san sunansa ba, ba su san inda ya samo ba, ba su san wanne ya fara dasawa ba. Duk yana cikin kansa, aka tafi da shi. Da ya bar musu shafi biyu, da sun ishe su.

Don haka kafin ka buɗe takardar iri ta gaba, ka tara gwangwanin lemo biyar, ka nemo mataccen biro da fensir da littafi, ka zauna a inuwa ka rubuta alamun tukuna, sannan ka tashi ka yi shuka, domin in ka ce sai ka gama za ka rubuta, magariba za ta same ka da laka a hannu ka ce sai gobe. Waɗanda ka riga ka kafa da maka kuwa, ka je yau da yamma ka duba su, in da sauran abin karantawa ka kwafe shi tun bai ƙarasa tafiya ba. Allah ya sa albarka a lambun, ya ba ka ikon cin amfaninsa cikin lafiya.